Ƙwayar tayirod: yadda nake shan ta, da lokacin da ake ƙara ta ko rage ta

Ni malamar firamare ce a Jega. Shekarun baya, ana tsakiyar zafin watan Afrilu, kowa na neman inuwar darbejiya, ni kuwa ina lulluɓe da zane ina jin sanyi. Fuskata ta kumbura, gashi na cika mataji, bayan gida ya yi tauri, barci ba ya isata. A gida wasu suka ce shawara ce. Sai da aka ɗebi jinina a Birnin Kebbi aka gano cewa tayirod ɗina, wato 'yar gaɓar nan ta gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, ta yi rauni, ba ta samar da isasshen sinadari. Aka ɗora ni kan libotayiroksin, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin, wadda nake saya a kemis da sunan Euthyrox.

'Yar'uwa, idan ke ma an ɗora ki kan wannan ƙwaya, ki fara da gyara lokacin sha. Da na tashi sallar asuba nake haɗiye ta da ruwa zalla, ciki ba komai, sannan in jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. A farko ban san haka ba. Da kokon safe nake kora ta, tare da ƙwayar ƙarin jini, gwaji kuwa ya ƙi gyaruwa. Ranar nan likita ya ajiye biro ya ce, "Malama, da me kike shan maganin?" Da na faɗa masa, bai ƙara mini ko kaɗan ba. Ya ce maganin ƙarin jini, da na kalsiyam, da farin ruwan nan na gyambon ciki duk suna riƙe ƙwayar a hanji, su hana ta shiga jini, don haka a bar awa 4 a tsakaninsu. Awara da madarar waken suya ma na mayar da su can da rana.

Gwajin jinin da ake dubawa don a san ko maganin ya yi daidai sunansa TSH, kuma yana rikita mutane. Idan lambar ta hau, maganin ne bai isa ba. Idan ta faɗi ƙasa sosai, ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai shi ne wajen 0.4 zuwa 4.0. Bayan kowane canji sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake ɗibar jini, domin maganin a hankali yake zama a jiki. Shi ya sa ake ƙarawa kaɗan-kaɗan, maikrogiram 12.5 ko 25. Ni daga 50 aka kai ni 75, a nan na tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙara wa kansu don gajiya ta dawo, ko don su rame. Don Allah kada ki yi. Idan ya yi yawa zuciya na bugawa fat-fat, hannu na rawa, zufa, ga rashin barci, in aka daɗe kuma ƙashi na rauni. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ma da 25 ko ƙasa ake fara musu. Haka nan in kin ji garau kada ki daina, yawancinmu shan har abada ne. In kin manta kwana ɗaya, ki sha da zarar kin tuna a ranar.

Da azumi nakan tashi da wuri in sha, in yi nafila, sannan in ci sahur. Wasu kan sha lokacin kwanciya, awa 3 zuwa 4 bayan abincin dare. Zafin Kebbi yana lalata magani, saboda haka a takardarsa nake barinsa, cikin durowa, nesa da taga da murhu.

Idan kika ga alamar ciki, kada ki jira ranar awo. Ki je wurin likita a wannan makon, domin buƙata kan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun farkon ciki, kuma ƙwaƙwalwar jariri da sinadarin uwa take ginuwa a watannin farko. Ki tafi da kwalin maganinki da takardun gwajin baya.