Idan Ƙaramar Akuyar Madara Ta Ɗauki Ciki Ba Shiri

Da zarar ka ga bunsuru ya barbari akuyar da ba ta gama girma ba, rubuta ranar, domin cikin akuya yakan kai kwana 150. Kira likitan dabbobi da wuri. Yana iya tabbatar da cikin bayan wata guda, ya kuma zubar da shi da allura idan ƙugunta ya yi ƙanƙanta.

Idan an bar cikin, ciyar da ita sosai tunda ita ma girma take yi, amma kada ka cika mata hatsi har ta yi ƙiba, domin hakan yana wahalar da haihuwa. Ranar naƙuda kada ka yi nisa: idan ta yi minti 30 tana yunƙuri babu ci gaba, nemi likita nan take. Tabbatar ɗan ya sha dakashi, wato nonon farko, cikin awa biyu da haihuwa.