Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar Land Cruiser Cijewa Idan An Taka Totur

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Land Cruiser mai injin 2F, irin su FJ40 da FJ45 da FJ60, ya san wannan ciwon. Ka taka totur, maimakon mota ta zabura sai ta yi lum kamar za ta mutu, ta yi tari, sannan ta farfaɗo. A kan kwalta takaici ne kawai, amma a cikin yashi ko a hawan gaɓar rafi wannan 'yar cijewar ita ce za ta kafe maka mota. Da an ji haka sai kowa ya ce kafireta ce. Sau da yawa ba ita ba ce. Tawa ta taɓa kwana uku a gareji ana kwance kafireta ana ɗaurawa, ashe kwantak ne ya cinye, wato 'yan ƙarafan cikin distiribita (mai raba wa fulogi wuta) da ke haɗa wuta suna yankewa. Tun daga ranar kafireta ce ƙarshen abin da nake buɗewa.

Mataki na 1: Lura da lokacin da take yi

Kafin ka ɗauki sifana, fita da ita ka saurara. Idan sai ka taka totur farat ɗaya take shaƙewa, zargi ɗan famfon cikin kafireta. Idan sai ta daɗe tana hawa ko tana gudu ƙarfinta ke yankewa, mai ne ba ya isowa. Idan kuwa ba ta tsayawa a silo (injin na aiki ba a taka totur ba) sai an ja cok, mai rage iskar da ke shiga kafireta, to iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko jet ɗin silo, ƙaramin ramin da mai ke bi, ya toshe.

Mataki na 2: Fara da wuta

Ciro fulogi shidan ka jera su yadda suke a injin. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙin gawayi mai ya yi yawa, fari fes kuma mai ya yi kaɗan. Tazarar bakin fulogi milimita 0.8 ce, ta kwantak kuma 0.45. Duba murfin distiribita ko ya tsage, ka tabbata wayoyin suna bin jerin 1-5-3-6-2-4.

Taimin ɗin 2F, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, digiri 7 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Akwai 'yar taga a jikin gidan kuloci inda ake hango alamar, wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke jikin fulayiwil. A saita da fitilar taimin, kada a yi da kunne. Sannan cire ƙaramin tiyon da ke zuwa distiribita ka zuƙa: farantin ciki ya motsa kuma ya riƙe. In iska kake ta ja babu tirjiya, robar ciki ta fashe, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mota cijewa.

Mataki na 3: Bi hanyar mai

Canja filtar mai, ba ta da tsada. Zazzage tsohuwar a farar kwalba ka gani: jan gari tsatsar tanki ce, abin da ya kwanta a ƙasa daban kuma ruwa ne, wanda mai sayen man jarka a ƙauye ba ya rasa haɗuwa da shi. Kafiretar Aisan da ke kan wannan injin tana da ɗan gilashi a gabanta. Mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, injin na aiki, mai ya tsaya a tsakiyar gilashin. In yana sauka idan an ba ta wuta, famfon mai ya gaji ko hanya ta toshe. In ya cika gilashin, allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa.

Mataki na 4: Nemi iskar sata

Zafi da shekaru suna busar da ƙananan tiyoyin roba su tsattsage. Bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Injin na silo, fesa maganin wanke kafireta kaɗan a gindinta da inda manifol, bututun da ke kai mai da iska daga kafireta zuwa injin, ya haɗu da kan injin. Inda sauti ya canja, nan ne ɓarakar. Manifol ɗin 2F yakan tsage daga ciki, daidai ƙarƙashin kafireta, inda zafin salansa ke dukansa. Yi wannan gwajin kafin injin ya yi zafi sosai, da abin kashe gobara kusa da kai.

Mataki na 5: Ɗan famfon totur

In matsalar daga kafireta ce, nan ne asirin yake galibi. Idan ka buɗe totur da sauri, iska ce ke rigan mai shiga, domin ta fi shi sauƙi. Shi ya sa aka yi wani ɗan famfo da ke tsarto fetur nan take ya cike giɓin. Kashe injin, cire gidan filtar iska, haska tocila cikin maƙogwaron kafireta, ka ja sandar totur da hannu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya fito da ƙarfi tun farkon motsi, ba ɗigo ba, ba kuma a makare ba. In babu, fatar da ke bakin famfon ta bushe ta ƙanƙance, abin da ke yawan samun motar da ta daɗe a ajiye. Sabuwar fata a jiƙa ta da ɗan man injin, a buɗa bakinta da yatsa kafin a saka. Akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a hanyar famfon. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka kife kafireta, don in ɗaya ya faɗa ƙasa, famfon ba zai sake aiki ba. Kuma don Allah kada ka leƙa maƙogwaron nan injin na aiki, wuta na iya dawowa ta nan.

Mataki na 6: Sai yanzu a buɗe kafireta gaba ɗaya

Kafin ka kwance sukurun daidaita mai, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa, ka rubuta adadin. Kada ka matse shi, tsininsa zai lalace. Wanke jet da magani da iskar kwamfireso. Ban yarda da zura waya ba, tana faɗaɗa ramin, mota ta koma zuƙar mai har abada. Gwada solanoyid ɗin silo, ɗan bawul ɗin lantarki da ke buɗe hanyar man silo: a kunna makulli, ka ji ya yi ƙas. Sa sababbin gasket, ka mayar da komai, ka bar injin ya ɗumama, sannan ka saita silo a wajen zagaye 650 a minti. Daga nan nemi wani hawa, ka sa giya ta uku, ka taka totur farat ɗaya ka ji amsar da za ta ba ka.