Yadda na gyara tiyon lagireto a hanyar Mai Wurno

Idan tiyon lagireto ya tsage kusa da bakinsa, ba sai an sayo sabo nan take ba. Mu ya same mu ne cikin azumi, a Sudan, kafin yaƙin 2023, tsakanin Wad Madani da Sinnar, za mu Mai Wurno gaida dangi. Allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe gaban mota.

Na kashe injin, na ƙi taɓa murfin lagireto, don wanda ya buɗe shi da zafi fuskarsa za ta faɗa masa. Ana cikin haka magariba ta kawo jiki. Al'adar ƙauyukan yankin nan na Jazira ce su tare matafiya a bakin titi a sha ruwa tare, ba a kuma cin musu gardama. Wani dattijo ya ji muna magana, sai ya juya harshe: "'Ya'yana, ku bar ƙarfen nan ya huce, ku zo tabarma." Ashe Bahaushe ne, kakanninsa hanyar Makka ta ajiye su. Aka kawo dabino, balila (dafaffen hatsi ko wake), asida (tuwonsu), da hilu-mur mai sanyi, abin shansu na azumi.

Bayan sallah injin ya huce. Ɗansa ya haska min fitila, na kwance zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyon da sukudireba, na yanke wurin tsagar da wuƙa, kamar faɗin yatsa biyu, na tura ragowar tiyon ya zauna sosai, na ɗaure tam. Muka cika ruwa a hankali injin na aiki, don iska ta fita. Ko ɗigo babu.

Na miƙa kuɗi, dattijon ya ɓata rai, ya sa aka ƙara mana jarkar ruwa. A Sinnar na sa sabon tiyo.