Darasi: Auna Nisan Hanya a Kan Taswirar Takarda

Rula tana auna layi miƙaƙƙe ne kawai, ita kuwa hanya ba ta tafiya a miƙe, ta yi kwana nan ta zagaye dutse can, kogi ma haka. Shi ya sa aka ƙera wata 'yar na'ura ta auna taswira. Girmanta kamar agogon aljihu, da fuska mai lambobi da allura, a ƙasanta kuma wata 'yar taya ce ƙarama mai juyawa. Wani injiniya ɗan Ingila, Edward Russell Morris, ya yi wa irin tasa rajista a 1873. Ba batir, ba caji, 'yan giyoyi ne masu haƙora a ciki, taya ta juya su, su kuma su juya allura.

Kafin ka taɓa na'urar duba sikelin taswirar tukuna, wato lambobin da ke nuna yadda tsawo a takarda yake daidai da nisa a ƙasa, galibi yana can ƙasan takarda. In ka ga 1:50,000 to santimita 2 a takarda kilomita 1 ke nan a ƙasa. In 1:100,000 ne santimita 1 kilomita 1 ne. Tsofaffin taswirorin Ingila da yawa 1:63,360 ne, wato inci 1 mil 1. Don Allah kar ka tsallake wannan matakin, fuskar na'urar na iya ɗaukar sikeli uku ko huɗu a jere, in ka karanta wanda ba na taswirarka ba duk wahalar ta tashi a banza.

To sai ka mayar da allura kan sifili, ka shimfiɗa taswira a kan tebur, ka riƙe na'urar a tsaye ba a karkace ba, ka ɗora tayar daidai inda tafiya za ta fara ka riƙa turawa sannu-sannu kana bin kowace kwana, kar ka ɗaga hannu kuma kar ka koma baya don in ka koma allura ma baya za ta yi ta rage maka lissafi. Wurin ninkin takarda tayar kan yi tsalle, sai ka danne shi da yatsa. Auna sau biyu ko uku ka ɗauki na tsakiya.

Amma fa ka sani taswira a shimfiɗe take, ba ta lissafa hawa da gangara, inda akwai tsaunuka tafiyar ƙafa za ta fi abin da allura ta nuna.

Wanda ba shi da na'urar ya samu zaren da ba ya ƙara tsawo in an ja shi, ya kwantar da shi bisa hanyar, sannan ya miƙar da shi a jikin rula.

Aikin gida: zare ya ba ka santimita 13 a taswira mai sikelin 1:50,000. Kilomita nawa ke nan?