Yadda Ake Cire Abin Murɗawa da Ya Maƙale a Tsohon Rediyo

Ba a iya zaro cikin tsohon rediyo irin su Philips, Bush ko Grundig daga akwatinsa sai an cire abubuwan murɗawa na gaba, wato na ƙara murya da na kama tasha, kuma a nan ne masu koyo suke yin ɓarna, domin sukan sa bakin sukudireba a baya su ɓanɓara. Da yawa daga cikinsu da Bakelite aka yi su, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, wadda ba ta lanƙwasawa, sai dai ta fashe.

Da farko a zare wayar daga wuta. Sannan a haska tocila, a juya abin murɗawar a hankali ana duba gefensa, domin iri biyu ne: akwai wanda ƙaramin sukuru yake riƙe da shi, akwai kuma wanda ake turawa kawai, wani ɗan sifirin ya kama sandar da yake zaune a kanta. A nan na taɓa yin asara. Na duba ban ga rami ba, na ja da ƙarfi, sai abin ya tsage biyu a hannuna, ga sukuru zaune a ciki. Ashe an toshe ramin da kaki, ƙurar shekaru ta mai da shi baƙi kamar jikin robar. Masu ƙera wasu rediyon Ingila a da, da gangan suke toshe shi, saboda ƙarfen cikin irinsu yana iya ɗaukar wutar lantarki. Don haka a bi gefen da tsinken allura, duk inda ya nutse a ƙwaƙule. A nemi sukudireban da bakinsa ya cika tsagar sukurun daidai, domin wanda ya yi ƙanƙanta cinye kan yake yi. Idan tsatsa ta kama, a ɗiga WD-40, man sassauta tsatsa, da tsinke a bari ya kwana. Kada a fesa, kada ya taɓa rubutun gilashin tashoshi.

Wanda ba shi da sukuru, igiyar takalmi mai faɗi ita ce maganinsa, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kan wani kayan aiki ba. A zura ta ta bayansa, a zagaye sandar, a haɗa bakin biyu a hannu, a ja kai tsaye ana ɗan girgizawa, wani kuma ya riƙe akwatin. Idan ya ƙi, a ɗumama shi kaɗan da na'urar busar da gashi a sake gwadawa. Jan da ya wuce kima yana iya tumɓuko sandar daga mazauninta.

Bayan ya fita, a goge tsatsar sandar, a shafa ɗan basilin, a ajiye sukurun da sifirin a kwalba mai murfi. Ranar mayarwa a sake toshe ramin da kaki kafin a jona wuta.