Darasi na 7: Jini a Ƙarshen Ciki

Mabiyiya, wadda wasu ke kira uwa, ita ce ke ciyar da jariri a cikin ciki. Tana manne da bangon mahaifa, tana aika masa abinci da iska ta cibiya. Mazauninta sama ne ko gefe, kuma ba ta sakin wurin sai an haihu.

Wani lokaci takan zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa. Mai ciki wata 7 ko 8 sai ta farka ta ga jini ja wur a zaninta, babu ciwo, babu naƙuda. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutanen gida. Jinin ya ɗauke, a ce ai ya wuce, kwatsam ya dawo fiye da na farko. Kada ungozoma ko wata ta sa hannu ta duba ta, domin yatsa ɗaya na iya ɓalle jinin. Hoton ciki ne ke nuna inda mabiyiya take. Idan ta rufe hanya ruf, sai an yi aiki an ciro jariri.

Akwai kuma wadda ke ɓanɓarewa tun jariri bai fito ba. Wannan da ciwo take zuwa. Ciki ya yi tauri, jinin ya yi baƙi-baƙi, motsin jariri ya ragu. Jinin kan taru a ciki, a ga kaɗan a waje alhali mace na galabaita. Hawan jini na jawo haka, da duka ko faɗuwa a kan ciki. Shi ya sa ake auna hawan jini a kowane awo.

Bayan haihuwa, idan minti 30 ya wuce mabiyiya ba ta faɗo ba, kada a ja cibiya, kada a tsaya ɗura jiƙo. A tafi asibiti. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, ya yi yawa. A asibiti ana yin allurar da ke matse mahaifa da zarar jariri ya fito.

Maigida, sauran aikin naka ne. Ka ba da izinin fita tun yanzu, ko ba ka nan, ko da tsakar dare. Ka riƙe lambar mai mota ko mai Keke Napep, ka ware kuɗi, ka nemi 'yan'uwan da za su ba da jini. A nufi asibitin da ake yin aiki, ake kuma ƙarin jini. A Kaduna akwai Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri. Amarya mai cikin fari takan ɓoye don kunya, saboda haka uwar miji ta riƙa tambayarta.

Aiki:
1. Rubuta alamu biyu na mabiyiyar da ta ɓanɓare.
2. Wane babban asibiti ne ya fi kusa da unguwarku?