Yadda ake amfani da sitiroyid idan za a cire turmin ƙarshe, haƙorin da ke can ƙuryar baki

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya bari sai kumatunsa ya suntuma, baki ya ƙi buɗuwa, sannan ya fara neman dexamethasone, wani maganin sitiroyid mai rage kumburi. A lokacin an makara. Aikin wannan magani tare kumburi ne tun kafin ya taso, shi kuwa kumburin cire turmin ƙarshe ba ya kai maƙura sai bayan awa 48 zuwa 72.

Saboda haka tun ranar da aka sa maka lokacin aiki ka ɗauko zancen da likitan haƙori. Idan haƙorin ya fito sarai, cirewar minti kaɗan ce, ni ban ga amfanin sitiroyid ba. Wanda ya kwanta cikin ƙashi, sai an tsaga dasashi an sassaƙe ƙashin, shi ne abin magana. Nan likita kan bayar da dexamethasone miligiram 4 zuwa 8, ƙwaya kamar awa ɗaya kafin aiki, ko allura ana kan kujera. Sau ɗaya ya kan wadatar, don yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda. Na fi son allurar, ba ruwanka da mantuwa. Maganin ba shi da tsada, amma arharsa kada ta sa ka rubuta wa kanka.

Kada ka ɓoye wa likitan komai. Mai ciwon suga, sugansa zai hau. Mai gyambon ciki ya yi hattara, musamman in za a haɗa masa da ibuprofen, don su biyun suna iya sa ciki zubar da jini. Mai juna biyu, mai hawan jini da wanda wurin ya riga ya yi mugunya duk su faɗa.

In an ba ka na wasu kwanaki, sha da safe bayan ka ci abinci mai laushi. Na dare kan hana barci.

Sitiroyid ba ya maye gurbin maganin zafi, kuma sauƙin da za ka ji ba warkewa ba ne. Ƙanƙara a kumatu ranar farko, kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi daga washegari, ban da shan taba da zuƙar abin sha da tsinke. In zafi ya dawo da ƙarfi a kwana na 3 zuwa 5, ko zazzaɓi ya shigo, kada ka ƙara ƙwaya, koma wurin likitan ya duba ramin.